TAKARDAR DINARI 42,000: FATAUCI DA ADDINI A ZAMANIN DA

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, wanda shi kansa ya yi fatauci zuwa Sham tun ba a aiko shi ba, har mutanen Makka suka yi masa laƙabi da Amintacce.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu leƙa tarihi, daga ƙarni na 10 zuwa na 16 na Miladiyya. Kowa ya sha jin ana cewa fatake ne suka kawo Musulunci ƙasashenmu na yammacin Afirka. Maganar gaskiya ce, sai dai an gajarta ta ainun. Ba a cika tsayawa a tambayi abin da ya ɗaure fatauci da addini wuri guda ba. Dalilin kuwa shi ne, fatauci mai nisa ba ya yiwuwa sai mutum ya yarda ya saki dukiyarsa a hannun wani, wannan kuma ya tafi da ita inda mai ita ba ya gani, wata biyu, wata shida, ko shekara. A yau akwai banki da kotu da waya. A wancan zamani ikon sarki ba ya wuce iyakar ƙasarsa, ayari kuwa ya kan ratsa ƙasashen sarakuna biyar kafin ya sauke kaya. Wa zai tsare haƙƙin mai dukiya? A Afirka da Turai, har ma da ƙasashen Amurka waɗanda ba su san da zaman sauran ba, jama'a sun ɗora wannan nauyi a wuyan addini. Abin da za mu duba shi ne yadda addinin ya tsare, da kuma wanda aka bari a bayan katanga.

Wani matafiyi masanin labarin ƙasa, mai suna Ibn Hauƙal, ya iso Sijilmasa, a kudancin Maroko, a shekarar 951. Ya ce ya ga wata takardar bashi wadda amintattun shaidu suka sa wa hannu, ana bin wani attajiri mazaunin Audagust dinari 42,000. Audagust kufai ce yanzu a ƙasar Muritaniya, tsakaninta da Sijilmasa kuwa tafiyar kamar wata biyu ce cikin hamada. Nauyin dinari ɗaya ya ɗara giram 4 kaɗan, watau bashin ya kusa kilo 180 na zinariya. Ibn Hauƙal ya ce bai taɓa jin irin wannan a gabas ba, da ya ba da labarin a Iraƙi da Farisa da Hurasan sai mutane suka riƙa mamaki.

To, ya kai mai karatu, ka tsaya ka yi tunani. Mai bin bashin nan ba shi da dakaru a Audagust. Abin da ke hannunsa ƙyallen takarda ne kawai. Darajar takardar tana ga cewa shi da wanda ya ke bi, da shaidu, da alƙalin da za a kai wa ƙara in ta ɓaci, duk shari'a guda su ke bi, kuma duk sun yarda akwai ranar da za a tsaya a yi hisabi. Ba a banza ba aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, watau aya ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka kan rubuta bashi da kafa shaidu, ga kuma sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Malaman fiƙihu suka zo suka shimfiɗa babi-babi: saye da sayarwa, jingina, lamuni, ajiya, wakilci, tarayya, da ƙiradi, watau mai dukiya ya ba wani jari ya tafi ya juya, in an samu riba a raba bisa kason da aka shirya tun farko, in aka yi hasara ba da sakacin mai juyawa ba, to, hasarar kuɗi ta mai jari ce, shi kuwa wahalarsa ta tafi. Duk ɗalibin da ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, ya wuce ta kan waɗannan babi. Yawancinmu mu kan yi gaggawa a wurin don mu sauke littafi, alhali kuwa da su ne aka riƙe hanyar hamada shekaru ɗaruruwa.

Ya kamata a sani, da yawa daga fataken farko da suka ratso hamada Ibadawa ne. Mazhabar Malikiyya ta kankama ne sosai bayan tashin Murabiɗuna a ƙarni na 11. Daga nan ya zama tun daga Andalus har bakin kogin Kwara littattafai guda a ke karantawa, hukuncin da alƙalin Fas zai yanke ba zai zama baƙo ga alƙalin Walata ba.

Ga misalin yadda a ke tafiyar da abin. A ƙarni na 13 an yi waɗansu 'yan'uwa biyar, 'yan gidan Maƙƙari na Tilimsan, waɗanda suka haɗa jari suka raba zama. Biyu suka zauna Tilimsan, inda hajar Turai da ta arewa ke sauka. Biyu suka zauna Walata, bakin ƙasar baƙar fata, suka yi aure suka gina gidaje, suna aika fatu da hauren giwa da goro da zinariya. Na biyar ya zauna tsakiya, a Sijilmasa, ba shi da aiki sai rubuta wasiƙu, yana sanar da kowane ɓangare abin da ya hau da abin da ya faɗi a kasuwa. Suka haƙa rijiyoyi a hanya, suka ɗauki jagorori. Da Mali ta ci Walata, ɗayansu ya je ya gana da sarki, ya samo aminci ga dukiyarsu, har sarkin ya riƙa aiko musu da saƙon abin da ya ke bukata. Ka ga ke nan alƙalami ya yi wa ayari aikin da takobi ba zai iya ba.

Wannan alƙalami shi ya shigar da Musulmi fadar sarakunan da ba su musulunta ba. Al-Bakari, malamin Andalus wanda ya tattara labarin fatake a 1068, ya kwatanta babban birnin daular Gana ta da, wadda ba ita ce ƙasar Gana ta yau ba, tana tsakanin Muritaniya da Mali ne. Ya ce gari biyu ne. Ɗaya na Musulmi, da masallatai 12, da limamai da ladanai da malaman fiƙihu. Ɗayan na sarki, mil 6 tsakani, da kurmin tsafi inda a ke rufe sarakuna. Amma duk da haka tafintocin sarki da ma'ajinsa da yawancin waziransa Musulmi ne, an kuma gina musu masallaci kusa da majalisa. Talakawa in sun zo gaisuwa su kan durƙusa su yi afi, Musulmi kuwa an yafe musu, tafi kawai su ke yi. Sarki yana karɓar dinari 1 a kan kowane kayan jaki na gishiri da ya shigo, dinari 2 in zai fita. Curin zinariya duk na sarki ne, garinta aka bar wa jama'a, don kada ta yi yawa ta zube. Sarki irin wannan yana bukatar mai lissafi da mai rubutu, su kuma fatake suna bukatar hanya lafiya. A haka aka zauna tsara bayan tsara, addini yana shiga sannu, daga zango zuwa fada, daga fada zuwa gari. Ƙauye kuwa ya daɗe bai ji ba.

Da zamanin Mali ya zo, sarakunan kansu sun zama Musulmi. Labarin hajjin Mansa Musa a 1324 sananne ne, ba sai mun maimaita ba. Al-Umari, wanda ya bincika a Alƙahira shekara 12 bayan wucewarsa, ya ce miskalin zinariya da ba ya kasa dirhami 25 ya koma ba ya wuce 22. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, guzurin sarkin ya ƙare, sai da ya ci bashi a Masar kafin ya komo gida. Cikin masu binsa akwai wani attajirin Iskandariya, Sirajuddin ɗan Kuwaik, wanda ya taso da ɗansa ya ratso hamada don karɓar kuɗinsa. Ya sauka Tambutu, aka yi masa liyafa, a daren nan Allah Ya yi masa rasuwa. Mutane suka fara raɗe-raɗin an sa masa guba, ɗan ya ce a'a, abinci guda suka ci, kwana ne ya ƙare. Ya wuce birnin Mali, aka biya shi, ya koma Masar. Ibn Baɗuɗa, wanda ya zo a 1352, ya ga kabarin attajirin a Tambutu.

Shi Ibn Baɗuɗa mutum ne mai yawan ƙorafi, ya kushe abincin Mali, ya raina kyautar da sarki ya aiko masa. Saboda haka yabonsa yana da nauyi. Ya ce matafiyi ba ya tsoron ɓarawo ko ɗan fashi a ƙasar, kuma in baƙon Balarabe ya mutu a cikinsu, ko nawa ya bari ba a taɓawa, sai a danƙa wa amintacce har magada su zo. Ya ga kayan raƙumi na gishirin Tagaza ana sayar da shi miskali 8 zuwa 10 a Walata, in ya isa birnin Mali ya kai 20 zuwa 30, wani lokaci 40. A kan hanyarsa ta komawa ya biyo Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, ya ce daga can a ke kai jan ƙarfe Gobir da Barno. A cikin wannan ƙarni ne dai Tarihin Kano ya ce Wangarawa suka iso daga Mali, zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385.

INDA KATANGAR TA TSAYA

Yanzu sai mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji, domin wanda ya karanta tarihi ya tsince mai daɗi kaɗai bai yi wa kansa adalci ba.

Zinariyar nan ba Musulmi ke haƙo ta ba. Mutanen Bambuk da Bure ne, masu bin addinin gargajiya. Al-Umari ya ruwaito cewa sarakunan Mali sun lura duk sa'ad da suka ci wani gari na masu zinariya, aka fara kiran salla a cikinsa, sai zinariyar ta ragu. Don haka suka ƙyale su a kan addininsu, suna karɓar haraji. Watau da kira zuwa ga addini ya ci karo da baitulmali, baitulmali aka zaɓa. Gishirin Tagaza kuwa bayi ke sara shi, a garin da babu itace ko ɗaya, gidaje da masallaci duk da gishiri aka gina su, ruwa mai zartsi, abinci sai abin da ayari ya kawo. Ayarin da Ibn Baɗuɗa ya bi daga Takadda yana ɗauke da kuyangi wajen 600, ya kuwa ambaci haka a taƙaice, kamar mai lissafa kantu.

Shari'a ta hana a bautar da ɗa Musulmi, amma kwaɗayi bai tsaya nan ba. A shekarar 794 ta Hijira, daidai da 1391 zuwa 1392, Mai na Barno, Usman ɗan Idris, ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kuka cewa waɗansu Larabawa makiyaya, Juzam, sun kai musu hari, sun kama 'ya'ya Musulmi maza da mata da yara, har da dangin sarki, suna sayar wa dillalan Masar da Sham. Ya roƙa a bincika kasuwanni a sako su. Al-Ƙalƙashandi, magatakardan fadar Masar, shi ya adana mana wasiƙar. Hanyar da ta tsare dinari 42,000 na attajiri, ita ce dai aka bi da waɗannan bayin Allah a ɗaure.

TURAI

Ina zinariyar ke zuwa in ta ƙetare hamada? Kaso mai yawa ya kan ƙare a Turai. Tun daga ƙarni na 8 yammacin Turai ya kusa daina buga kuɗin zinariya, sai azurfa, saboda haka dinarin Musulmi ya zama abin kwaikwayo. Ofa, wani sarki a Ingila, ya sa an kwafi dinarin Abbasiyawa na shekarar 157 ta Hijira, har da kalmar shahada, aka ƙara sunansa a tsakiya, rubutun Larabcin yana kife, alamar maƙerin bai san abin da ya ke zanawa ba. Kuɗin yana nan a gidan tarihi na London. Sarkin Kastila a Sifen ya buga nasa a Toledo da rubutun Larabci, aka riƙa kiransa da sunan Murabiɗuna. Mayaƙan Salibi da suka zauna Akka sun yi ta buga dinari mai sunan Annabi da shekarar Hijira, sai a 1250 Paparoma ya yi musu barazana suka canja kalmomin, amma suka bar harshen Larabci, don kasuwa ba ta san wani ba. A 1252 biranen Jenowa da Fulorans na Italiya suka fara buga nasu kuɗin zinariya, Benis ta biyo baya a 1284.

Su ma Kiristoci addini ne ya tsare musu ciniki. Da rantsuwa a ke ƙulla shi, kowace ƙungiyar masu sana'a tana da waliyyinta, manyan kasuwanni kuma a ranakun bukin addini su ke ci. Coci ta haramta bashi da ruwa kamar yadda Musulunci ya haramta. A nan sai mai karatu ya kiyaye, domin a Hausa kalmar riba ta haɗa halal da haram, ribar ciniki dabam, kuɗin ruwa dabam. Babban taron limamansu da aka yi a birnin Rum a 1179 ya yanke cewa wanda ya shahara da ba da bashi da ruwa ba za a yi masa jana'izar Kirista ba. Amma sarakuna da attajirai ba su daina bukatar bashi ba. Sai aka tura wa Yahudawa sana'ar, a ci moriyarsu, in bashi ya yi nauyi a kore su, kamar yadda aka yi a Ingila a 1290. Attajiran Italiya kuwa suka ɓoye ruwan a cikin canjin kuɗi tsakanin gari da gari. Wani babban kamfanin Fulorans, na gidan Bardi, har shafi ya buɗe wa Ubangiji a littafin lissafinsa, ana ware masa kaso daga riba a raba wa matalauta. Ko don tsoron Allah ne, ko don wanke zuciya, Shi ne masani.

Wannan taro na 1179 dai shi ya hana sayar wa Musulmi makamai da ƙarfe da katakon jirgi. Bayan Akka ta faɗi a 1291 Paparoma ya hana ciniki da Masar ɗungurungum. Dokar ba ta yi ƙarko ba, kafin tsakiyar ƙarni na 14 Benis ta koma tana samun izni daga Paparoman kansa tana aika jirage Iskandariya.

A ɓangaren Musulmi fiƙihu ya tanadi ƙofa ga baƙon da ba Musulmi ba, ita ce aman, wadda tushenta guda da kalmar amana. Wanda aka ba aman jininsa da dukiyarsa sun haramta har ya koma gida. A kan haka sarakunan Tunis da Masar suka ƙulla yarjejeniya da Fisa da Jenowa da Benis, aka ba kowace al'umma masaukinta, funduƙ, mai katanga da rumbuna da ɗakin ibada da wakilin da zai yi musu shari'a tsakaninsu. A Iskandariya a kan kulle ƙofar da dare da kuma lokacin sallar Juma'a. A irin wannan zama ne wani yaro ɗan Fisa, Fibonaci, wanda ubansa ke aiki a Bijaya ta ƙasar Aljeriya, ya koyi lissafi da alƙaluman Hindu da Larabawa, ya rubuta littafi a kai a 1202, Turai ta amfana har yau.

ƘETAREN TEKU

Kafin mu ga yadda wannan zama ya rushe, bari mu dubi mutanen da ba su cikin wannan hulɗa ko kaɗan, don mu gane ko buƙatar mai tsaron kasuwa ta Musulmi da Kirista ce kaɗai. Nufina mutanen Amurka kafin 1492.

Na san wani zai ce ai Mali ta riga Kolumbas isa can. Asalin maganar Al-Umari ne, wanda ya ruwaito Mansa Musa yana cewa sarkin da ya gada ya aika jirage su gano ƙarshen teku, ɗaya kaɗai ya dawo, sa'an nan shi da kansa ya tafi da jirage 2,000 bai komo ba. Iyakar labarin ke nan. Bai faɗi sunan sarkin ba, bai ce sun isa ko'ina ba, kuma ba a tono wani abu na Mali a Amurka ba. Abin alfaharinmu na gaskiya ya ishe mu, ba sai mun ƙara gishiri ba.

Mutanen Aztek, a ƙasar Meksiko, sun kafa birninsu Tenoctitlan a tsakiyar tafki a 1325 bisa ga lissafinsu, watau shekara guda bayan hajjin Mansa Musa. Ba su da raƙumi, ba su da jaki ko doki, duk kaya a bayan 'yan dako ya ke tafiya. Kuɗinsu 'ya'yan koko ne, irin wanda a ke nomawa yanzu a ƙasar Yarabawa da Gana, sai mayafan auduga, da garin zinariya a cikin bututun gashin tsuntsu. Har algus a kan yi, a ƙwaƙule ƙwayar koko a cusa wani abu a ɓawon. Kortes, shugaban mayaƙan Sifen da suka ci ƙasar, ya rubuta wa sarkinsa a 1520 cewa kasuwar Tlatelolko tana tara mutum 60,000 a yini, kowace haja da layinta, akwai wani zaure inda alƙalai 10 ko 12 ke zaune kullum suna yanke rigimar ciniki, ga waɗansu ma'aikata suna zagawa suna duba mudu, an ma ga sun fasa wanda ba daidai ba. Duk wanda ya karanta aikin muhtasibi a littattafanmu zai ce ai wannan hisba ce, alhali ba su taɓa jin sunanta ba.

Fatakensu na nesa, Pocteka, jama'a ce mai zaman kanta, da unguwanninsu da kotunansu da abin bautarsu, Yakatekutli. In sun yada zango su kan haɗa sandunansu su ɗaure wuri guda, su tsaga kunne su ɗiga jini a kai, suna neman tsari. Amma wannan addinin da ya hana a cuci mai saye a mudu, shi ne kuma ya ke neman jinin mutum. Attajirin da ke son girma ya kan je kasuwar bayi ya sayi mutane, ya yi musu wanka da ado, ya miƙa su a yanka a haikali ranar buki.

Daular Inka ta ƙasar Feru kuwa wata hanya ta bi. Kusan babu kasuwa, babu kuɗi. An kasa gonaki uku, na rana wadda su ke bauta wa, na sarki, da na jama'a, kowa yana biyan haraji da aikin ƙarfinsa, ana tara amfani a rumbunan gwamnati a bakin hanyoyi da tsawonsu ya haura kilomita 30,000, lissafi kuwa da ƙulle-ƙullen igiya a ke yinsa.

GAMUWA

Turawa sun daɗe da sanin inda zinariya ke fitowa. A taswirar da wani Bayahude na tsibirin Mayorka ya zana a 1375 an sa hoton Mansa Musa zaune da kambi, riƙe da curin zinariya. Abin da ya rage shi ne yadda za a kewaye Musulmin da ke tsakani. 'Yan Fotugal suka ci Sabta a 1415, suka shiga lalube gaɓar teku suna yin kudu. A 1444 aka sauke mutum 235 da aka kamo daga gaɓar Muritaniya a wani gari mai suna Lagos, na Fotugal, ba Ikko tamu ba, aka kasa su kashi-kashi, uwa nan ɗa can. Marubucin fadar da ya ba da labarin ya ce abin ya sa shi hawaye, sa'an nan ya lallashi kansa da cewa ai an ceci rayukansu daga ɓata. A 1452 Paparoma Nikolas na 5 ya ba sarkin Fotugal takardar izni ya yaƙi Musulmi da masu bautar gumaka, ya ƙwace dukiyarsu, ya mai da su bayi har abada. A 1482 suka gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana ta yau, zinariyar ƙasar Akan, wadda Wangarawa ke ɗauka su yi arewa da ita, wani kaso nata ya juya ya nufi teku. Kolumbas yana cikin matuƙan da suka ziyarci Elmina a waɗannan shekaru.

Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta miƙa wuya a Janairun 1492 bisa alkawari rubutacce cewa za a bar wa mutanenta masallatansu da alƙalansu. Shekara 10 bayan haka, a 1502, aka ce kowane Musulmi a Kastila ya karɓi Kiristanci ko ya fita. A Feru, cikin 1532, Fizaro ya kama Atawalfa sarkin Inka, aka yi alkawari in ya cika ɗaki da zinariya za a sake shi. Aka yi wata da watanni ana kwaso kayan haikali, aka narke, zinariyar ta kai kimanin tan 6. A Yulin 1533 aka yi masa baftisma, aka shaƙe shi. Adalci ne mu ce ba duk limamansu suka yi shiru ba. Las Kasas ya ƙarar da rayuwarsa yana kare mutanen ƙasar, ko da ya ke da fari shi ma ya ba da shawara a kawo bayi daga Afirka a madadinsu, daga baya ya rubuta nadamarsa.

Kada kuwa mu ɗauka Turawa kaɗai suka karya katanga. A 1591 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, mai kiran kansa halifa, ya turo runduna da bindigogi ta ratso hamada ta rushe daular Songai a Tondibi, Musulmi a kan Musulmi, dalili kuwa gishirin Tagaza da zinariya. Aka kama malaman Tambutu, aka tafi da su Marrakush a cikin mari a 1594. Cikinsu akwai Ahmad Baba, wanda ya ce an wawashe masa littattafai 1,600, kuma shi ne mai mafi ƙarancin littattafai a danginsa. Sai wajen 1608 aka bar shi ya komo gida.

A 1615 mutanen Tuwat, zangon da ayarin bayi ke ratsawa, suka aiko masa da tambaya kan hukuncin baƙaƙen da a ke kawowa kasuwa. Mutumin da ya ɗanɗani mari da kansa ya amsa cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne, ya ƙaryata masu jingina abin ga la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya ce mutanen Barno da Kano da Katsina da Songai Musulmi ne 'ya'ya, mallakarsu ba ta halatta ta kowace fuska. Ya kawo aikin alƙalin Tambutu, Mahmud ɗan Umar, wanda in bawa ya yi da'awar shi ɗa ne, ya kan karɓe shi daga hannun mai riƙe da shi har sai wannan ya kawo hujjar mallaka. A cikin wannan amsa dai, ya lissafa waɗansu kabilu na kudu da bai ƙidaya su cikin Musulmi ba, ya bar ƙofar mallakarsu a buɗe. Ya rasu a 1627.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko babin ƙiradi daga Risala mu bi sharuɗɗansa ɗaya bayan ɗaya. Wassalamu alaikum.